Ranar Kama Janar Trigg

"Ni dai na faɗa maka, Neville, ka cire farar hular kwanon nan," in ji Beryl, idonta na kan safar da take saƙawa. "Ka yi kama da masu biyan albashi."

"Beryl, Beryl." Ya ja sunan da muryar nan da ya shekara da shekaru yana lallashin daƙiƙan aji da ita. "A kwarin nan wa ake saurara? Mai farar hula. A ramin kwal lebura ya sa ruwan ɗorawa, manaja ya sa fara, haka kowa ya taso ya gani. To yau gaskiya ce za ta sa fara. Ki ji da safarki, ki bar wa masu tsari tsari."

Beryl ta ce to, ta ci gaba da ji da safarta.

A yi wa mutumin adalci. Garin Kooranga bai taɓa samun ɗa kamar Neville Trigg ba, kuma duk mai shakka ya je ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Mataimakin hedimasta ne har ya yi ritaya, abin da ya hana shi kaiwa hedimasta kuwa hassadar manyan ma'aikatar ilimi da ke birnin Sydney ce. Da ya zauna a gida ya waiga, sai ya ga duniya tana ɗumama, daji na ci da wuta kowace shekara, rafi ya zama hanyar tafiya, kuma babu mai kula da lamarin yadda ya kamata. Tausayi ya kama shi, ya karɓi aikin. Shi ya kafa Ƙungiyar Kare Kwari. Gaskiya ne tsofaffin matan garin sun daɗe suna zaman dirshan na adawa a ƙofar ramin haƙar kwal da kujerunsu da zaren ulu tun kafin ya san hanyar wurin, amma zaman banza suke yi. Ba su da suna, ba su da dokoki, ba su da shugaba. Neville ya zo ya ba su duka ukun, musamman na ƙarshen.

Su kuma suka saka masa da laƙabi. Janar suke ce masa, yana amsawa har da ɗan sunkuyar da kai. Cikakken sunan Janar Ga-ni-nan-tafe ne, sai dai mutanen Kooranga suna da kara, ba wanda ya taɓa ƙarasa masa.

Abu ɗaya ne tak ya rage wa Janar a duniya: ba a taɓa kama shi ba. Beryl ta sha kamu har ta san bencin da ba ya lilo a caji ofis. An kama likitan dabbobi, an kama limamin coci, an kama wata tsohuwa da sai an maimaita mata laifinta a kunne. Shi kuwa duk ranar da motar 'yan sanda ta ɓullo, sai wani babban aiki ya taso masa: ko batirin lasifika ya ƙare, ko ɗan jarida na jiransa a waya, ko dole ya hau tudu don ya ga filin daga gaba ɗayansa. Yakan ce jiki ba ya rasa yatsa ya mutu, amma a taɓa kai a gani. Aka daɗe ana yarda da wannan bayani, ko ana yin kamar an yarda.

To sai ga zaɓen shugaba ya matso, ranar Asabar. Raɗa ta fara yawo daga gidan burodi zuwa mashaya, cewa ya kamata mai jan mutane zuwa ɗakin tsaro ya san yadda ɗakin yake. Raɗar ta iso kunnen Janar rana ɗaya da labarin cewa gidan talabijin na Newcastle zai turo mai kyamara. Bai ga wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu da shawarar da ya yanke ba. Ya tara jama'a a zauren coci, ya dafa ƙirji, ya shaida musu cewa lokaci ya yi da zai miƙa kansa. Ya ɗan tsaya don masu kuka su yi. Wani ya tambaya ko akwai sauran madara.

Shirin da ya yi kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba. Al'adar masu zaman dirshan ce in ɗan sanda ya taɓa ka, ba ka dukansa, ba ka kuma taimaka masa, sai ka saki jiki kamar jiƙaƙƙen bargo ya ji da kai. Janar ya yi ta gwada wannan a kan dardumar falonsa, har matarsa ta saba tsallake shi in tana shara. Kowa yakan rubuta lambar wayar lauya a dantsensa da baƙin alƙalami, don ana karɓe waya a caji ofis. Shi ya rubuta a dantse biyu, da manyan baƙaƙe. Ya haddace jawabin da zai yi ana ɗauke da shi. Ya zaɓi fuskar da zai yi a gaban madubi, wadda ta haɗa wahala da yafiya. Daga ƙarshe ya sayo riga mai ƙyalli ruwan lemo, da oba-oba ta ratayawa a kafaɗa, da farar hular kwano, don kada mai kyamara ya wahala wajen gane babba.

Dokoki biyu ya fi ƙarfafawa, kuma yana sa tsofaffin su maimaita kamar 'yan aji ɗaya. Ta farko, ba mai yi wa ɗan sanda bayani sai shi. Ta biyu, duk wanda aka tambaya wane ne shugaba, amsarsa ɗaya ce: ba mu da shugaba, ba mu san kowa ba. Ya ce wannan don kare kai ne, saboda abokin gaba kai yake nema. Kullum suna ɓata masa rai a kan dokar nan. Wata ta riga wata, wata ta manta rabi, wata ta tsaya ƙirga idon saƙa.

Akwai kuma gwangwanin biskit. Wannan ya girmi Janar a harkar. Duk mai shirin a kama shi yakan jefa makullansa a ciki, mutum ɗaya ya tsaya a gefe ya riƙe. In an kwashe jama'a, mai gwangwani ne zai mayar da motoci gida, ya ba karnuka abinci, ya kulle kaji, ya duba marasa lafiya, sannan ya je ƙofar caji ofis ya jira da fulas ɗin shayi. Janar yana kiran wannan aikin masu raunin zuciya, amma yakan ƙara da cewa kowane yaƙi yana buƙatar masu wanke-wanke. Ya ɗora wa Marj, wata 'yar siririyar mata mai ciwon asma, wadda rijiyar gonarta ta ƙafe tun da ramin ya iso bakin shingenta. Marj ba ta iya musu ba, ta karɓa.

Ga su nan yanzu a ƙofar ramin da hantsi, sun jera kujerun naɗewa sun tare kwalta daga wannan gefe zuwa wancan. Motocin kamfani sun yi layi a gabansu, injuna na ƙugi. Direbobin ba baƙi ba ne, 'ya'ya ne da jikoki. Na gaba ma Shane ne, ɗan ƙanin Beryl, kuma tun da suka zauna ta aika masa da yankan kek a takarda, ya ci ya ɗaga mata hannu. Mijinta Col ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin nan, yanzu yana gida a kwance da robar iska a hanci. Beryl ba ta taɓa yin jawabi a kan haka ba. Takan zo ta zauna ne kawai.

A tsakiyar layin akwai kujerar Janar, mai hannu, da matashi a kai. Babu kowa a cikinta, domin Janar yana duba sahu. Da ya gama dubawa sai ya lura rana ta fara cizo, kuma daga kan kwalta muryarsa ba za ta kai ko'ina ba. Can ƙetaren layin fenti da ya raba hanyar gwamnati da filin kamfani akwai wani dakalin siminti a inuwar ɗakin maigadi. Ya ƙetara ya hau. Ya ga ma hakan ya fi, tunda taka filin kamfani laifi ne da ya fi zama a kan hanya girma, kuma ya dace laifin shugaba ya fi na mabiya.

Maigadin, Darren, tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya sha share filin makaranta a hannunsa. Ya dubi farar hular, ya dubi oba-obar, wani abu ya motsa a gefen bakinsa. Sai ya ƙame ya sara masa.

"Kin gani, Beryl?" Janar ya faɗa ta lasifika. "Har sojan abokin gaba ya san abin da ya gani."

Daga nan ya shiga jawabi. Ya ce tarihi yana da ranaku, kuma ranaku suna da mutane. Ya ce akwai masu zama, akwai masu tsayuwa, kuma ba ya raina masu zama. Ya ce in jikoki suka tambaya wa ya tsaya tsakanin duniya da wuta, kada a ambaci sunansa, ba ya so, amma in an matsa to Trigg ne, Neville Trigg. Ya yi maganar ƙanƙarar ƙarshen duniya da ke narkewa kamar shi ya bar ta a rana da mantuwa. Tsinkayen saƙa na ta ƙas-ƙas. Mai kyamara ta iso, wata matashiya da wando mai aljihuna, ta kafa kayanta, Janar ya maimaita wurin jikokin.

Sai ga 'yan sanda. Ba sajan na garin ba ne, wanda ya san kowa da sunan karensa. Baƙi ne aka turo daga birni, da doguwar mota mai raga a taga. Babbansu, Sajan Petrakis, mutum ne mai furfura da alamun gajiya. Ya sauko ya dubi wurin yadda kowane baƙo zai duba: ga tsofaffi sun tare hanya, ga kuma mutum a filin kamfani, a inuwa, da rigar aiki da farar hula, maigadi na ƙame a gefensa. Bai yi wata-wata ba ya nufi dakalin.

"Barka da aiki, yallaɓai. Ina za mu ajiye motar nan?"

Wani mai ƙaramar zuciya da ya tsorata. Janar kuwa daɗi ya ji, don ga shi tun daga birni an san wanda za a fara gaisarwa. Kuma tambayarsa aka yi, shi ko bai taɓa barin tambaya ta kwana ba. Ya sauko ya yi ta juya hannu, baya-baya, hagu kaɗan, tsaya, har motar ta daidaita ƙofarta na kallon kujerun. Darren ya sake sarawa.

Da sajan ya ce za su fara ɗiba, Janar ya yi saurin lissafi. Wanda aka fara ɗauka, mai kyamara ba ta gama saita kayanta ba. Na tsakiya ya ɓace a cikin taro. Na ƙarshe shi ake tunawa. Don haka ya ba da shawara a fara daga hagu, a bi a hankali. Ya gargaɗe su cewa waccan mai gilashi a ido, ƙashin ƙugunta na roba ne, a tallafe ta ta ƙasa. Ya ce a bar likitan dabbobi sai mutum huɗu sun samu sarari, don ya fi yadda ake ganinsa nauyi. Ya nuna musu wadda ba ta ji, ya ce a yi mata magana ta kunnen dama. 'Yan sandan ba su taɓa samun aiki mai sauƙi irin wannan ba. Tsofaffin kuwa ba wadda ta ce uffan, tunda doka ta hana yi wa ɗan sanda bayani. Ana taɓa kowace sai ta soke tsinke a ulu, ta saki jiki, a ɗauke ta.

Marj tana ƙarƙashin bishiyar turare da gwangwani a ƙirji. Ta daɗe tana kallon kujerar nan ta tsakiya. Babu kowa a kai, kuma in aka ja ta gefe, mota za ta iya wucewa ta wurin. Ta dubi Janar, ta ga yana nuna wa wani kurtu yadda ake riƙe gwiwar hannu. Ta ajiye gwangwanin a gindin bishiya, ta tako a hankali, ta zauna a kan matashin. Tana zama, maganin shaƙarta ya faɗi ƙasa. Da aka ce ta tashi, ta ce da murya ƙasa-ƙasa ba za ta tashi ba, shanunta ruwan tanka suke sha. Mai kyamara ta matso har kusa da fuskarta. Aka ɗauke ta da matashin duka.

Kwalta ta yi fayau. Lokaci ya yi.

Janar ya gyara hula, ya tako zuwa tsakiyar hanya da irin takun da ya dace, ya zauna, ya kwanta, ya rufe ido, ya ɗora fuskar nan ta wahala da yafiya. Ya saki jiki. A duk gwajin da ya yi a falo bai taɓa sakinsa da kyau haka ba.

Ya ji wani ya yi kira, ya ji gudu, ya ji hannuwa sun tallafe shi ta kafaɗa da ƙafa. Ƙasa ta rabu da bayansa. Ashe haka abin yake, ba zafi. Ya fara jawabi idonsa a rufe, cewa za su iya ɗaukar jikinsa amma ba za su ɗauki rafi ba. Wani da ke riƙe da shi ya ce zafin rana ne, har ya fara sambatu, a yi sauri. Sai ya ji sanyi ya buge shi, ya yi mamakin yadda gwamnati ke sa na'urar sanyi a motar fursuna. Ya buɗe ido ɗaya. Yana kwance a bencin ɗakin maigadi, da jiƙaƙƙen tawul a goshi, Darren na yi masa fifita da farar hularsa, fuska ba alamar dariya.

"Sannu, yallaɓai," in ji Darren. "Aikin ofis ba ya son rana."

Janar ya fizge hularsa ya fita da gudun da bai yi ba tun yana saurayi. Ya tarar ana shirin rufe motar. Ya shaida wa sajan cewa an yi babban kuskure, shi ne ƙashin bayan wannan tawaye, shi ya shirya shi, shi ya kamata a fara kamawa. Sajan ya ce ya koma inuwa ya sha ruwa. Janar ya ce yana da hujja, ya naɗe hannun riga don nuna lambar lauya. Gumi ya riga shi. Dantsen biyu sun yi baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, kamar na wanda ya wuni a cikin rami.

"A tambaye su," in ji shi. "Ga su nan. Beryl, gaya masa ko ni wane ne."

Sajan Petrakis mutum ne mai son gaskiya. Ya leƙa cikin motar ya ce, "Iya, kin san mutumin nan? Shugabanku ne?"

Beryl ta sauke gilashinta zuwa kan hanci. Ta dubi Janar tun daga hula har takalmi, ba gaggawa.

"Ɗana," ta ce, "mu ba mu da shugaba."

"Ba mu san kowa ba," in ji motar gaba ɗaya.

Murya ɗaya, ba wadda ta riga wata, ba wadda ta manta rabi. Tun da ya kafa dokar bai taɓa jin an faɗe ta daidai haka ba. Malamin da ke cikinsa har ya so ya ce madalla.

Sajan ya rufe ƙofa. Ya ce wa Janar kada ya damu, rana takan yi wa mutum haka, ya kwanta yau gobe zai warware. Sannan ya kama hannunsa ya girgiza sosai, ya gode masa da haɗin kai, ya ce da duk inda suka je suna samun mutum irinsa da aiki ya yi daɗi. Wannan kam mai kyamara ta ɗauka, daga kusa, farar hular ta fito tas. Ta naɗe kayanta ta bi motar. Ta cikin ragar taga ana jiyo tsofaffin sun fara waƙa, kuma sunan da ke cikin waƙar na Marj ne.

Motocin kamfani suka motsa. Shane ya zo daidai shi ya taka birki, ya zuro kai.

"Janar, gwangwani na gindin bishiya," ya ce. "Kawu Col ba ya wuce azahar bai ci ba, kuma a yanke masa gefen burodin, ba ya iya taunawa. A duba tukunyar iskarsa. Karen Marj yana cizo, ka shiga da baya. Kaji sai yamma." Ya sa giya, ya ƙara da cewa, "Kawu na kallon talabijin, ka sani. Ba shi da wani aikin."

Motoci suka yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta bar masa rabonsa na ƙura, har hular ta daina zama fara. Da ta lafa, ba kowa a wurin sai shi da kujeru a warwatse, da wata safa da ba a gama ba. Darren ya fito ya tsaya a bakin layin fenti, ya ce cikin ladabi in ba damuwa a kwashe kujerun kafin masu canjin aiki su iso. Bai sara ba.

Janar ya naɗe kujerun ya jingine su a bishiya. Ya tsinci maganin shaƙar Marj ya sa a aljihu, don sai an kai mata. Ya ɗauki gwangwanin, ya ji ya fi yadda yake zato nauyi. Ya tsaya kamar zai ce wani abu, ya duba hagu da dama, babu mai saurare. Sai ya rungume shi a ƙirji ya nufi tsohuwar motar Beryl, makullan garin Kooranga na ta kacau-kacau a kowane taku.